Amfanin Bulo

Litinin, 6 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Don-me,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci kamar mai jiran mota.

Na san za ki yi mamakin wasiƙa a zamanin waya. Tun da hawan jini ya kayar da ni wata biyar da suka wuce harshena ya yi nauyi, in na yi magana a waya sai a yi ta ce mini "na'am, na'am" har raina ya ɓaci. Ga shi kuma likitan gashi, mai motsa mini gaɓoɓi, ya ce in riƙa rubutu kullum don hannun dama ya saki. Na cika littafi guda da baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya, sai na ce gara in yi rubutun da wani zai karanta. An ce zumunci a ƙafa yake, to tawa ƙafar tana ja, sai ki karɓe shi a alƙalami.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina tafiya ba sanda, ina sa maɓallin rigata da kaina. Hannuwana ne kawai ke ba ni haushi, sun yi fes. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran kekunan ɗinki a kamfani, baƙin mai bai taɓa barin ƙarƙashin farcena ba, yanzu in na kalle su sai in ga kamar aro na yi wurin ma'aikacin banki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da na koma kamfani da takardar likita, Manaja ya ce dokar kamfani ce, duk wanda ciwo ya taɓa wa kai sai an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa kafin ya sake taɓa inji. Suka tura ni wani ofis a hawa na biyu, tebur ɗaya, kujera biyu, da fanka mai kukan rashin mai. Wata yarinya na tarar, ba ta kai ki shekaru ba, riƙe da agogo mai maɓalli. Mai Agogo nake kiranta. Awa biyu da rabi muka yi. Ta karanto lambobi in maimaita, gaba da baya. Ta ba ni 'yan katakai masu fenti biyu in jera su su yi kama da zane. Ta ba ni takarda cike da da'irori in mayar da su hotuna. Har amfanin bulo ta tambaye ni.

Sakamako ya fito. Sauri, ƙasa. Riƙe abu a ka, ƙasa. Wanda suka kira tunanin ƙirƙira kuwa, wai ni ne can ƙarshen layi. Manaja ya ce saboda daɗewata ba za su sallame ni ba, za su ba ni kujera a bakin ƙofa in riƙa duba katin shigar ma'aikata. Ki duba fa, in zauna a ƙofa ina jin keke mai lamba goma sha huɗu yana tsallake ɗinki, ba ni da ikon tashi in taɓa shi.

Na ƙi sa hannu. Doka ta ba ni dama ɗaya in sake gwajin, an sa ranar sha huɗu ga Afrilu. Uwarki ta ce mini aikinki ke nan a asibitin da kike, irin wannan gwaji kike yi wa mutane. Ni da uwarki kakanninmu wa da ƙane ne, kuma shekara guda kika yi a gidan nan kina aji uku kina cika mini kunne da "don me, don me", har sunan ya bi ki. Naka sai naka. Ki aiko mini da tambayoyin da amsoshinsu in haddace tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kawunki

Asabar, 18 ga Janairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka a ofis, a tsaye na karanta ta, don haka ka gaya wa Inna ba ta yi ƙarya ba. Muna lafiya, yara suna gaishe ku. Labarin maɓallin riga ya faranta mini rai fiye da zatonka, domin Umma ta ce ranar da ta je duba ka ko kofi ba ka iya riƙewa.

Kawu, ba zan aiko da tambayoyin ba. Gara in faɗa tun a sama kada ka yi ta juya takarda kana nema. A kulle suke cikin kabad, na kuma sa hannu cewa ba zan fitar da su ba. Ko da na fitar, ba lallai a maimaita maka na farko ba. Abin da ya fi wannan nauyi, cikin injinan da kake gyarawa akwai mai wuƙa, kuma yatsun wasu ne ke bi ta gabanta. Kai ka hana ni taɓa almakashin Inna sai da ka ga yadda nake riƙe shi.

Bari in gaya maka yadda abin yake. Gwajin basirar manya ba abu ɗaya yake aunawa ba. Wani ɓangare yana duba kalmomi da sanin duniya, wani ido da haɗa siffa, wani riƙe abu a ka na ɗan lokaci, wani sauri. Sannan a kwatanta makinka da na sa'o'inka, ba da na samari ba. Na ƙirƙira kuma daban yake, ana duba yawan amsoshin mutum, da bambancinsu, da wanda ba kowa zai kawo ba. Gwajin ba ya ƙarya a kan abin da ya gani ranar, wataƙila ma ya gano abin da ya kamata mu duba. Amma ɗaki ɗaya ya gani, rana ɗaya. Wanda hannunsa bai gama saki ba zai rasa maki duk inda aka danna agogo, ko da kansa garau yake.

Wanda ya ɗaure mini kai shi ne na ƙirƙira. Mutumin da ya yi wa jakar makarantata hannu da tsohon bel ɗin keke, ya yi mata makulli da cokali, ba zai zo ƙarshen layi haka kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ka rubuto mini abin da ya faru daki-daki: me ta ce, me ka ce, me ka yi da hannunka kafin ka fara, me ke kan teburin.

'Yarka, Don-me

Laraba, 29 ga Janairu

Don-me,

Salam. Muna lafiya, hannu yana saki.

Na ga saƙonki. "Gwajin ba ya ƙarya." Sau uku na karanta wurin, na ninke takardar. Ashe ke ma kin auna ni daga nesa, ko agogo ba ki danna ba. Na nemi taimako wurin 'yata, sai ma'aikaciya ta amsa mini. Zancen almakashi kuwa, shekararki takwas a lokacin, ni kuma hamsin da bakwai gare ni yau.

Ki riƙe kabad ɗinki da makullinsa. Ranar sha huɗu ga Afrilu zan je da kan da Allah ya bar mini. Kujerar ƙofa kuma su nemi mai zama, ni dai ba ni ba.

Ki gai da yara.

Kawunki

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya Inna? Na buga waya sau huɗu, Inna ce ke ɗauka, kullum sai ta ce ka ɗan kishingiɗa. Ban san ka da kishingiɗa da ƙarfe goma na safe ba.

Ka ninke takardar a tsakiyar magana. Don Allah ka warware ta ka karanta layin da ke ƙasa. Ban auna ka ba, ba ma a yarda mutum ya gwada ɗan'uwansa ba. Tambaya na yi, kuma ka san halina, ba na gajiya da ita. Me ya faru a ɗakin nan?

'Yarka, Don-me

Lahadi, 2 ga Maris

'Yata,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Muna lafiya, yana shan maganinsa, yana zuwa gashi. Bai san na rubuto ba, in ya sani kuma ya sani, shekara talatin ina jin faɗansa ban rame ba.

Wasiƙunki biyu suna cikin akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin sifana. Yana fito da su yana karantawa in ya zaci ina wanki. Fushi dai yake, amma ba da ke ba ne kaɗai.

Kin san kekena na ɗinki, baƙin nan mai zanen zinariya da kike hawa fedarsa kina lilo. Lafiyarsa ƙalau. Kwana tara da suka wuce Kawunki ya ce yana jin wani ƙara a ciki, ni ban ji komai ba. Ya shimfiɗa farin ƙyallensa a tebur, ya kwance keken tas, ya jera kayan daga hagu zuwa dama yadda ya saba, kowane noti kusa da ɗan'uwansa. Ya fara mayarwa, har yana ɗan waƙarsa. Sai maƙwabcinmu ya yi sallama ya zo aron tsani. Kawunki ya fita, minti biyar bai yi ba ya dawo. Na gan shi tsaye da ƙaramin noti a hannu, yana kallon keken, yana kallon ƙyallen. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye notin ya je ya wanke hannun da bai yi datti ba.

Tun ranar kayan suna nan a tebur. Ya hana a taɓa, ya hana a share wurin, a tabarma muke cin abinci. Kullum da safe zai ja kujera ya zauna gabansu, ya naɗe hannun riga, sannan ya sauke. Da na ce a kira wani bakanike, kallon da ya yi mini ba zan so ki gani ba. Ga ɗinkin mutane uku yana jirana, amma ba shi ne damuwata ba. Tsoro nake ji, 'yata. Mutumin nan in ba ya gyara, ban san me zai zama ba.

Ki rubuto masa. Kada ki lallashe shi, ba ya son lallashi. Ki tsokane shi yadda kika saba.

Innarki

Talata, 11 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da fatan jiki na ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, sai autarmu da ta kwance mini agogon bango wai tana neman abin da ke ƙara a ciki. Na ce mata gado ne, akwai mai irin halinta a dangi.

Ba zan yi maka ɓoye-ɓoye ba, Inna ta rubuto mini zancen keke. In za ka yi faɗa ka yi da ni, ni na fi kusa da laifi, don na rubuta maka magana mai nauyi kamar ina rubuta rahoto. Na manta wanda zai karanta mutum ne da aka nuna wa kujerar ƙofa. Ka yafe mini wannan. Amma tambayoyin ba zan aiko ba, ko yau ko gobe.

Lokacin da nake gidanku, in mata sun kawo keke suna cewa ya mutu, kana ce musu keke ba ya mutuwa, sai dai a rasa inda yake tsallake. Kuma ba ka taɓa sa sukundireba sai ka sa mai keken ta yi ɗinki a gabanka, ka ji da kunnenka. Abin da nake roƙo ke nan, ka yi ɗinkin a gabana. Saura kwana talatin da huɗu. In ka ga dama ka ƙare su kana fushi da ni, in ka ga dama mu nemo inda yake tsallake.

Don me aka ba ka makin ƙarshe a bulo, Kawu? Don me?

'Yarka mai kunnen ƙashi

Alhamis, 20 ga Maris

Don-me,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Innarki na yi mata faɗa, ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko in zuba shayi. Ki ce wa autarku ta riƙa jera abin da ta kwance bi da bi, in ba haka ba agogo ya tafi ke nan.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ga ɗinkin.

Katakan nan, duk zanen da ta ba ni na haɗa shi daidai, ko ɗaya ban kuskure ba. Amma kin san ni, ba na fara aiki sai na jera kayana. Duk sanda ta zube su ta ce in fara, sai na fara jera su layi daga hagu zuwa dama, fuska ɗaya sama, in tabbatar sun cika, sannan in sa hannu. Ita kuwa ta riga ta danna agogo. Sau biyu ta ce mini lokaci na tafiya, na ce mata ya tafi, ni ban taɓa gyara da gaggawa ba.

Bulo kuma ga yadda aka yi. Shekara goma sha biyu da suka wuce ƙafar injin yanka ta lotsa, ga aiki ya taru, na ɗauko bulo na tokare ta aka ci gaba. Mai kula da haɗari ya zo zagaye ya gani, aka ba ni takardar gargaɗi, ita kaɗai ce a fayil ɗina duk zamana. Tun daga nan duk shekara sai an tara mu a ɗakin taro a yi mana karatun kowane kaya da aikinsa. Sukan ɗaga filaya su ce me ake yi da wannan, in ka faɗi biyu ka faɗi. To ina shiga ɗakin Mai Agogo, me zan gani a kan tebur? Fayil ɗina, da sunana a bango. Da ta ce in faɗi duk abin da za a iya yi da bulo, na ce a raina yauwa, an zo wurin, ta karanta. Na ce gini. Ta ce sai me. Na ce gini dai. Ta ce in saki jiki, ko nawa ne in faɗa. Na ce ranki ya daɗe, bulo na gini ne, wanda duk ya yi wani abu da shi ya saɓa doka. Na naɗe hannu har agogonta ya cika, ina jin daɗi na tsallake tarko. Da'irorin ma haka, zoben ƙarfen da ake sa wa noti na zana a duka, don kada a ce ina wasa.

Wannan na faɗa ina dariya. Na ukun ba dariya.

Lambobin da ta karanto, da gaske sun zube mini. Huɗu nake riƙewa, na biyar ya ture na farko. Na ce ai lamba ba aikina ba ce. Shi ya sa na kwance keken Innarki, don in nuna wa kaina. Hannuna ya san komai, Don-me, bai manta ko ɗaya ba. Amma da aka katse ni na dawo, ban san inda na tsaya ba. Na ɗaure sandar allura ko ban ɗaure ba? Na saita ƙugiya ko tukuna? Wurin ya zama fari fat a kaina. A kamfani kuwa sau ashirin ake kiran mutum kafin ya gama keke ɗaya. In na bar noti a kwance a injin yanka fa?

Tun kafin keken, lambobin nan ne suka sa na nemi amsoshi. Ba yarinyar nake tsoro ba, tsoro nake kada ya zamana ta yi gaskiya. Da kika rubuta cewa gwajin ba ya ƙarya, abin da nake gaya wa kaina ne kika faɗa da babbar murya.

Amma ki sani, ban sauka ba. Kayan suna nan a ƙyalle, ni ma ina nan.

Kawunki

Asabar, 29 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara, don na yi dariyar bulo har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga baya na yi kuka, wannan ba ta gani ba.

Yarinyar nan ba tarko ta ɗana maka ba. Fayil ɗin don ta duba shekarunka da tarihin ciwonka ne. Da ta ce ko nawa ne ka faɗa, nufinta ke nan, abin da aka ba ka gargaɗi a kansa shi take nema da fitila. Ka ɓoye mata dukiyarka, ta rubuta cewa ba ka da komai. Jera katakai kuma ba laifi ba ne, amma ya kamata ta san dalili, don ta rubuta cewa ka haɗa su daidai in an cire agogo.

Na ukun gaskiya ne, ba zan shafa masa mai ba. Irin ciwonka yakan taɓa riƙon abu na ɗan lokaci, musamman in an katse mutum. Yana iya ƙara sauƙi, yana iya tsayawa haka. Amma sanin aikin yana nan, mazauninsa daban. Abin da ke zubewa a ka, ana iya ajiye shi a waje inda ido zai gani. Yadda za a yi wannan a teburin bakanike, ka fi ni sani nesa ba kusa ba.

Shawarata uku ce. Ka rubuta wa Manaja ka nemi a haɗa da gwajin aiki a gaban inji, ba na tebur kaɗai ba. Ka kai takardar likitan gashi a kan hannunka. Na ukun shi ne mai wuya: kafin ta danna agogo, ka gaya mata zancen bulo, ka kuma gaya mata zancen keken Inna da bakinka. Na san kana iya rasa wani abu saboda haka. Amma in ka ɓoye, komai aka ba ka za ka riƙe shi da tsoro.

Na ajiye wasiƙarka ta farko kusa da wadda ta iso jiya. Layukan sun miƙe, Kawu.

'Yarka, Don-me

Talata, 15 ga Afrilu

Don-me,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, Innarki tana kan kekenta tun safe, ƙararsa ce ma ta hana ni tunani. E, ya tashi. Kiret ɗin ƙwai na samo, na rubuta lamba a kowane rami, kowane mataki da raminsa. Na ɗaura igiya a gefen tebur mai ƙulli goma sha biyu, na samo abin maƙale shanya ɗaya. In na gama mataki sai in matsar da shi ƙulli na gaba kafin in ɗaga kai, ko gobara ake. Na sa Innarki ta yi ta katse ni da gangan, aikin da ta yi da zuciya ɗaya. Sau bakwai na kwance keken na mayar, har ta ce in na ƙara za ta kai ƙarata.

Jiya na je, da kiret ɗina a leda. Fankar tana nan tana kuka. Kafin Mai Agogo ta buɗe baki na ce ina da magana, na zayyana mata duka. Da na zo kan bulo ta rufe baki da fayil ɗin, kafaɗunta na rawa. Ta ce wallahi ba ta taɓa ganin takardar gargaɗin ba. Da na zo kan keken Innarki ta daina dariya, ta rubuta, ta rubuta, ina kallon alƙalamin ina jin kamar da hannuna nake miƙa wuyana. Ta ce mutane kaɗan ne ke kawo mata irin wannan da kansu.

Ba bulo ta tambaya ba wannan karon, gwangwanin madara ne wanda ba komai a ciki. Na ce mata, "Da Manaja na kallo, ko ba ya kallo?" Ta ce ba ya kallo. To Don-me, sai na buɗe famfo. Mazubin mai, ma'ajin allura, murfin bel, abin auna tazara in an yanka shi siriri, ƙararrawar ƙofa, abin jiƙa noti mai tsatsa, mariƙin zare, tayar motar yara, madubin leƙa ƙarƙashin inji in an goge gindinsa. Ina cikin na ashirin da wani abu ta ce lokaci ya cika, na ce saura huɗu, ta ce in riƙe su.

Lambobi kuwa biyar na riƙe, na shida ya gudu. Ban yi musu ba.

Da rana aka kai ni gaban keke mai lamba goma sha huɗu, ita da Manaja da mai kula da haɗari suna tsaye. Sau uku suka katse ni, har da aikena sito. Duk dawowa sai in dubi igiyata in ci gaba. Mai kula da haɗari ya daɗe yana kallon kiret ɗin ƙwai, na ce a raina ga takarda ta biyu tana zuwa. Sai ya tambaye ni ko ramukan talatin ne ko sun fi.

Sun ce sati uku. Na yi abin da zan iya, kuma ban yi ƙarya ba.

Kawunki

Litinin, 5 ga Mayu

'Yata Don-me,

Gaisuwa a gurguje, a lokacin hutun rana nake rubutu. Kowa lafiya.

Takarda ta fito. Injin yanka sun karɓe shi daga hannuna, Mai Agogo ta rubuta cewa kada in yi aiki a inda kuskure ɗaya zai taɓa yatsun wani, sai an sake dubawa bayan shekara. Ya yi mini ciwo, shekara goma sha tara ina kula da shi, ban ci abincin kirki ba ranar. Amma da bakina na ba ta dalilin, kuma da ni ne ita haka zan rubuta.

Kekunan ɗinki arba'in da biyu kuwa nawa ne. An mayar mini da teburina na bakin taga, da ƙyallena, da igiyata. A tunanin ƙirƙira ta ce makina ya wuce na yawancin sa'o'ina, Manaja ya karanta wurin sau biyu kamar an canza masa takarda. Kujerar ƙofa na wuce ta yau da safe, na nuna katina kamar kowa.

Kin ƙi ba ni amsoshin, kuma kin kyauta. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki gardama irin wadda kika yi mini.

Ki yi haƙuri da tabon da ke ƙasan takardar nan, ba ni da wata a kusa. Baƙin mai ne, babban yatsana ne na dama.

Kawunki